Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Mutanen Unguwa da Kwamfuta da Wayar Hannu: Jagora ga Masu Bincike a Zangunan Kumasi

Tun bayan fitowar sakamakon ƙidayar jama'a da gidaje ta 2021, tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ƙungiyoyin matasan zango, da ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu, da kwamitocin masallatai masu neman a kawo wa unguwarsu famfo ko ƙaramin asibiti: mu nawa ne a wannan unguwa, kuma ta yaya za mu fitar da adadin da hukuma ba za ta yi watsi da shi ba? Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta bayyana cewa mutanen ƙasar sun kai 30,832,019, Yankin Ashanti kuma 5,440,463, amma teburorin da kowa ke iya samu a intanet yawancinsu a matakin gunduma suke tsayawa, alhali mai tambaya Aboabo yake nufi, ko Asawase, ko wani yanki na Sawaba.

Hanyar da za a bayyana a nan ta haɗa abu uku: alƙaluman ƙidaya, da taswirar gine-gine da aka ciro daga hotunan tauraron ɗan'adam, da ƙidayar ƙafa a wasu 'yan sassa na unguwar. Kwamfuta tana ganin rufi ne kawai, ba ta san mutum nawa ke kwana a ƙarƙashinsa ba, don haka duk wanda ya tsallake shiga gidaje bai yi binciken yawan jama'a ba.

Kayan aikin su ne kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 ko fiye, da wayoyin Android, da manhajar taswira ta QGIS, da KoboToolbox ta tattara bayanai a waya, da Excel ko LibreOffice. Wanda ya iya R, wato manhajar lissafin ƙididdiga, zai sami sauƙi a mataki na goma. In ban da Excel, duk manhajojin nan kyauta ne.

1. Tsayar da wanda za a ƙirga

Kafin ku buɗe kwamfuta, ku rubuta a takarda wane ne mutumin unguwa a wurinku. Ƙidayar 2021 ta ƙirga kowa a inda ya kwana a daren 27 ga Yuni, ko baƙo ne ko ɗan gida. Ɗaya hanyar ita ce a ƙirga wanda ya saba zama a gidan, ko da yana tafiya a ranar da aka zo. A zango bambancin hanyoyin biyu ba ƙarami ba ne, domin akwai direbobin manyan motoci da ke hanyar Tamale ko Wagadugu, da 'yan kasuwa masu kai-komo, da yaran da ke makarantun kwana, da mata masu dako da ke sauka na 'yan watanni su koma arewa.

Idan nufinku ku gwada sakamakonku da na ƙidaya, ku bi tsarin daren kwana. Idan kuwa famfo ko bayan gida na jama'a ake nema, mazaunan dindindin sun fi amfani. Abin da na fi ganin dacewarsa shi ne a yi tambayoyin biyu a kan kowane mutum, wato ko ya saba zama a nan da ko ya kwana a nan jiya, domin hakan ba ya ƙara wa hira ko minti ɗaya, kuma yana ba ku adadi biyu daga aiki ɗaya.

2. Shata iyakar unguwa

Ku buɗe QGIS, ku ɗora hoton tauraron ɗan'adam da taswirar OpenStreetMap, sannan ku zana iyakar unguwar da hannu kuna bin abubuwan da ido ke gani: titi, layin dogo, rafi, babban kwalbati, katangar makaranta. Ku buga taswirar a babbar takarda ku kai wa dattawa da wakilin unguwa a majalisar gunduma su duba, domin sau da yawa inda matasa ke cewa nan ce iyaka ba nan tsofaffi suka sani ba. Duk abin da aka tsayar, a rubuta shi a kalmomi, a ajiye tare da fayil ɗin.

Ku sa aikin a tsarin ma'aunin EPSG:32630, wanda ya dace da Kumasi da Accra kuma yake auna tazara da mita. Wanda ya bar shi a tsarin digiri zai ga lissafin faɗin ƙasa ya fito da lambobin da ba su da ma'ana.

Gargaɗi: kada ku ɗauki sunan gunduma a 2010 ku gwada da sunan nan a 2021 ba tare da duba iyaka ba. An yanke Asokore Mampong daga Kumasi a 2012, sannan a 2018 aka sake cire Oforikrom da Asokwa da Suame da Kwadaso da Old Tafo. Shi ya sa birnin da aka rubuta masa sama da mutum miliyan biyu a 2010 ya fito da ƙasa da rabin miliyan a 2021. Ba mutane suka gudu ba, iyaka ce ta tsuke.

3. Tattara alƙaluman da suka riga suka wanzu

Daga shafin StatsBank na Hukumar Ƙididdiga ku sauke teburorin gundumarku: yawan maza da mata, rukunin shekaru, yawan iyalai da girmansu, da nau'in gidajen kwana. Ku kuma rubuta wa ofishin hukumar na yanki wasiƙa kuna neman adadin mutanen unguwarku da taswirar yankunan ƙidaya da suka faɗo cikinta. Wasiƙar da ta fito daga jami'a ko ƙungiya mai rajista, kuma ta faɗi abin da za a yi da bayanan, ta fi saurin samun amsa.

Mai son zurfafawa zai iya yin rajista a IPUMS International na Jami'ar Minnesota, inda ake samun kashi goma cikin ɗari na bayanan ƙidayar 2000 da 2010 mutum-mutum, an cire sunaye. Akwai kuma binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda na baya-bayan nan a Ghana aka yi shi a 2022.

Gargaɗi: bayanan DHS ba sa amsa tambayar unguwa ɗaya. An tsara su ne don ƙasa da yankuna, kuma da gangan ake gusar da wuraren da aka yi hira a taswira, har kilomita biyu a birni, don a ɓoye masu amsa. A Kumasi kilomita biyu sun isa su fitar da ku daga zango zuwa unguwar da ba ta kama da shi ta kowace fuska.

Gargaɗi na biyu: ba a fitar da yawan masu jin Hausa daga teburin ƙabila. Dagomba da Mosi da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Gonja duk da Hausa suke mu'amala a zango, kuma ƙidaya ta rarraba su a rukunoni daban-daban. Idan harshe kuke son sani, sai ku tambaya da kanku a mataki na bakwai.

4. Sauke taswirar gine-gine

A 2021 Google ta fitar da Open Buildings, wato zanen gine-ginen Afirka sama da miliyan 500 da kwamfuta ta gano daga hotunan sama, kuma cibiyar bincikenta da ke Accra ce ta jagoranci aikin. Kowane gini yana zuwa da wurinsa, da faɗin rufinsa a murabba'in mita, da makin da ke nuna yadda manhajar ta tabbata cewa gini ne. Fayil ɗin yana da nauyi ƙwarai, saboda haka ku sauke shi inda intanet ke da ƙarfi, ku yanke iya abin da ya faɗo cikin iyakarku, ku ajiye shi a sabon fayil, ku rufe babban.

Daga nan sai aikin ido, wanda ya fi kowane sashe na aikin kwamfuta cin lokaci. Ku ɗora zanen a kan hoton, ku bi shi layi-layi. A tsohon zango, inda rufin kwano ke haɗe da na maƙwabci kuma gida ɗaya ke kewaye da tsakar gida, manhajar takan haɗe gidaje uku su zama ɗaya, ko ta datsa gida ɗaya kashi huɗu, ko ta rufe tsakar gida ta lissafa ta a matsayin rufi. Wannan ne dalilin da ya sa a wannan jagora ake aiki da jimillar faɗin rufi maimakon yawan gine-gine: ko an haɗe ko an datsa, faɗin ba ya canzawa sosai. Ku gyara manyan kurakurai, ku ƙara gine-ginen da aka tsallake, ku kuma buɗe sabon shafi a teburin inda za ku yi wa masallatai da makarantu da rumfunan kasuwa da garejoji alamar cewa ba gidajen kwana ba ne. Ɗan unguwa da ya san lunguna ya zauna kusa da mai riƙe da kwamfuta a wannan aiki.

5. Raba unguwa da zaɓen sassan da za a shiga

Da kayan aikin "Create grid" ku raba unguwar sashe-sashe kamar allon dara, kowane sashe mita 50 tsawo da mita 50 faɗi. Unguwa mai faɗin murabba'in kilomita 1.2 za ta ba ku sassa 480. Ku mayar da kowane gini ɗigo ɗaya a tsakiyarsa da "Centroids", ku danganta shi ga sashen da ɗigon ya faɗa, sannan ku tara faɗin rufin kowane sashe. Dokar ɗigon nan ita ce za a bi a fili: gidan da ɗigonsa ke cikin sashe, dukkansa na sashen ne, ko da rabinsa ya tsallaka layi.

Ku cire sassan da babu gidan kwana a cikinsu. Sauran ku kwashe lambobinsu zuwa Excel, ku rubuta =RAND() a gefen kowace, ku mayar da sakamakon lambobi tsayayyu don kada su riƙa sauyawa, ku jera daga ƙarami zuwa babba, ku ɗauki 40 na farko. Idan unguwar ta kasu biyu a fili, misali tsohon zango mai cunkoso da sabon gefe mai benaye, ku yi wa kowanne nasa zaɓen daban, ku kuma yi masa nasa lissafin a ƙarshe, domin rufin bene mai hawa uku yana ɗauke da mutanen da rufin gidan ƙasa mai faɗinsa ba zai ɗauka ba.

Gargaɗi: sashen da ƙuri'a ta faɗa a kansa shi za a shiga. Za a sami mai cewa wancan lungun da wuyar shiga, ko mai gidan can ba ya son baƙi, a musanya da na kusa da titi. Musanya ɗaya ko biyu sun isa su karkatar da sakamakon, domin lungunan da ake gudu su ne galibi suka fi cunkoso.

6. Izini da kasafin kuɗi

Izini iri biyu ne. Na takarda: ɗalibin KNUST ko wata jami'a ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarsa, kuma kowa ya san cewa Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hau kan duk mai tara bayanan mutane, ta kuma wajabta a faɗa wa mutum dalilin tambaya a sami yardarsa. Na unguwa: a je gaisuwa wurin Sarkin Zango ko sarkin ƙabilar da ta fi yawa a wurin, da limaman Juma'a, da wakilin unguwa, da magajiya da shugabannin ƙungiyoyin mata. Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a tana buɗe ƙofofin da wasiƙar jami'a ba za ta buɗe ba.

Kasafin kuɗi kuwa daga yawan aiki ake fitar da shi. A ce sassa 40 ɗin suna ɗauke da iyalai 1,000, kuna da masu ƙidaya takwas, kowanne yana gama iyali 12 a yini. Aikin zai ci kwana 11, kuma da komawa gidajen da ba a tarar da kowa ba sai a lissafa mako biyu. A kan wannan za ku ɗora alawus ɗin yini na kowane mutum, da abinci da ruwa, da kuɗin mota, da kwana uku na horo da gwaji, da kuɗin data, da batirin ajiyar caji ga kowace waya, da buga taswirar kowane sashe mai launi, da katin shaida, da goron gaisuwa. Alawus shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin. Ku tambayi farashin kowane abu a makon da za ku rubuta kasafin, ku ƙara kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, domin darajar sidi ba ta tsayawa wuri ɗaya.

7. Gina takardar tambayoyi a waya

Ku buɗe asusu a KoboToolbox, ku gina fom, ku sauke KoboCollect a wayoyin. Manhajar tana aiki babu intanet, sai da yamma a tura abin da aka tara. Fom ɗin ya kasance mai hawa uku: gida, iyali, mutum. A matakin gida: lambar sashe, lambar gini kamar yadda take a taswira, wurin GPS, yawan hawa, yawan ɗakunan kwana, yawan iyalai. A matakin iyali: sunan da za a gane mai iyalin da shi, da yawan ɗakunansu. A matakin mutum, wanda ake maimaitawa ga kowa: dangantaka da mai iyali, jinsi, shekarar haihuwa, shekaru, ko ya saba zama, ko ya kwana jiya, inda aka haife shi, da harshen da aka fi yi a gida.

Ku sa wa fom ɗin shinge. Shekaru kada su wuce 110. Lambar sashe a zaɓe ta daga jeri maimakon a rubuta da hannu. Idan mai ƙidaya ya ce iyali mutum shida ne amma ya cika biyar, fom ɗin ya ƙi rufuwa. Ku rubuta tambayoyin da Hausa da Turanci, da Tuwi idan akwai buƙata, domin fassarar da kowane mai ƙidaya zai yi a bakin ƙofa takan zama tambayoyi takwas daban-daban. Ku kunna tsarin kulle bayanai da mabuɗi tun kafin a fara, ku gwada fom ɗin a gidaje 20 da ba sa cikin sassan da aka zaɓa.

Gargaɗi: kada ku tambayi ƙasar asali ko lambar Ghana Card. Tsofaffin zango ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, kuma har yau akwai waɗanda aka haifa a Kumasi, iyayensu ma a nan aka haife su, amma suna shan tambayoyi idan sun je neman takardar shaida. Tambaya ɗaya irin wannan tana iya sa a ɓoye muku rabin gida.

8. Shiga gidaje

Masu ƙidaya su tafi biyu-biyu, mace da namiji, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba zai wuce zaure ba, kuma matan gida ne suka fi sanin wanda ke kwana a wane ɗaki. A fara da mai gida ko wanda ke karɓar haya a madadinsa. Bayan sallama da gaisuwa, bayani ya kasance gajere: "Baba Alhaji, mu 'ya'yanku ne daga ƙungiyar unguwa, liman ya yi sanarwarmu ranar Juma'a. Muna ƙirga mutane ne don neman famfo, ba mu da alaƙa da haraji, kuma wanda bai so ba ba dole." Ga uwar gida kuma: "Mma, waɗanda kuke ci daga tukunya ɗaya za ki lissafa mana, har da jariri da baƙon da ya kwana jiya."

Wannan jimla ta tukunya ita ce ma'anar iyali a ƙidaya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Gidan zango ɗaya yana iya ɗaukar iyalin mai gida, da na 'ya'yansa biyu masu aure, da 'yan haya goma, da samari huɗu da suka haɗa kuɗin ɗaki amma kowa na sayen abincinsa a waje. Hanyar da ba ta ɓata ita ce a bi ɗaki-ɗaki daga hannun dama na ƙofar shiga, a rubuta lambar kowane ɗaki da alli, a tambayi wanda ya kwana a ciki. Mai mata biyu a gidaje biyu, a rubuta shi mazauni a gida ɗaya kawai, kwanan jiya kuma a inda ya kwana.

Waɗanda aka fi mantawa su ne jarirai, da 'yan aikin gida, da almajiran da ke kwana a zauren malam, da samarin da ke kwana a shago ko kiyos a ƙofar gida. A ƙarshen kowace hira a tambaye su da suna: akwai jariri, akwai mai kwana a zaure, akwai mai kwana a shago? Masu kwana a masallatai da rumfunan kasuwa da tashoshin mota kuwa, tunda an cire waɗannan gine-gine daga lissafin rufi, sai a ware musu dare ɗaya a ƙirga su a duk faɗin unguwar, da rakiyar mutanen da suka yarda da su, a ajiye adadinsu daban.

Lokaci ma yana da tasiri. Da sassafe bayan asuba da kuma bayan la'asar aka fi samun mutane. A guji goman ƙarshe na azumi, da makon Sallah, da lokacin tafiyar alhazai da dawowarsu, domin gidaje kan cika da baƙi ko su ragu. Gidan da aka tarar a rufe a koma masa sau uku a lokuta daban-daban, in bai yiwu ba a tambayi maƙwabci yawan mutanen, a yi wa adadin alamar cewa daga maƙwabci ya fito.

Kowane dare mai kula da aikin ya sauke abin da aka turo, ya ɗora ɗigon GPS a kan taswira. A cikin lunguna masu rufin kwano GPS kan kauce da mita goma ko fiye, don haka lambar gini ita ce abin dogaro, ɗigon kuwa shaida ce cewa an je wurin. Hirar iyali mai mutum tara da aka gama cikin minti biyu, a koma a sake ta.

9. Tsaftace bayanai da gwada ingancin shekaru

Ku ajiye fayil na asali ba tare da taɓa shi ba, ku yi aiki a kan kwafi, ku kuma rubuta kowane gyara da dalilinsa. Ku nemo iyalan da aka shigar sau biyu, da uwar da ta girmi ɗanta da shekara takwas, da sashen da yawan iyalansa bai kai abin da aka rubuta a matakin gida ba.

Shekaru su ne suka fi ba da wahala, domin mutane suna son lambobi masu ƙarewa da sifili ko biyar. Ana auna wannan da ma'aunin Whipple: ku tara mutanen da shekarunsu ke tsakanin 23 da 62 kuma suka ƙare da 0 ko 5, ku raba da kashi ɗaya cikin biyar na duk masu shekaru 23 zuwa 62, ku ninka da 100. Idan ya fito kusa da 100, babu karkata. Daga 125 zuwa sama shekarun kintace ne, daga 175 kuwa ba a gina wani lissafi mai zurfi a kansu, sai dai a haɗa su rukuni-rukuni masu faɗi.

Maganin wannan tun a fili yake. Ku ba kowane mai ƙidaya jerin abubuwan da aka sani da shekarunsu: samun 'yanci a 1957, hamɓarar da Nkrumah a 1966, korar baƙi a 1969, juyin mulkin Rawlings na farko a 1979, yunwa da dawowar mutane daga Najeriya a 1983, turmutsitsin filin wasa na Accra a 2001, sauya kuɗi a 2007. Tsohuwar da ba ta san shekarunta ba ta san ko tana goyon ɗanta na fari a shekarar yunwa. Ga yara kuma, katin awo na asibiti ya fi ƙwaƙwalwar kowa.

10. Lissafin ƙiyasi

Ku tara mutanen da aka ƙirga a sassa 40, ku raba da jimillar faɗin rufin gidajen kwana na waɗannan sassa, ku ninka da faɗin rufin gidajen kwana na unguwar gaba ɗaya. Ga misali da lambobin da aka ƙago don nuni kawai: an ƙirga mutum 4,200 a ƙarƙashin rufi mai murabba'in mita 60,000, wato mutum 7 a kowane murabba'in mita 100. Idan rufin unguwar duka 700,000 ne, ƙiyasin ya zama 49,000. A kan wannan ake ƙara masu kwana a waje da aka ƙirga daban.

Adadi ɗaya tilo ba ya wadatarwa, domin da ƙuri'a ta faɗa kan wasu sassa 40 daban da sakamakon ya ɗan bambanta. A R, kunshin survey yana da umarnin svyratio da ke fitar da tazarar kuskure. Wata hanyar ita ce a sa kwamfuta ta sake zaɓen 40 daga cikin 40 ɗin nan, tana iya maimaita sashe, ta yi lissafin sau 1,000, a jera sakamakon, a yar da 25 na ƙasa da 25 na sama. Abin da ya rage shi ne tazarar da za ku bayar. Idan ta yi faɗi ƙwarai, alama ce cewa sassan sun bambanta da juna fiye da yadda kuka zata, kuma gyaran shi ne ƙarin sassa ko raba unguwar kashi biyu.

11. Gwada sakamakon da wasu majiyoyi

Idan kun sami adadin unguwar na 2021, ku tura shi gaba zuwa shekarar aikinku. Ana fitar da saurin ƙaruwa da =LN(30832019/24658823)/10.75, wanda ke ba da kashi 2.1 cikin ɗari a shekara ga ƙasar baki ɗaya tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2021. Amma tsohon zango da ya riga ya cika ba lallai ya bi saurin ƙasa ba, domin masu sabon aure sukan fita su kama haya a gefen gari.

Taswirar yawan jama'a ta WorldPop ta Jami'ar Southampton, mai sassa na mita 100, da ta Meta, kamfanin Facebook, mai mita 30, ana iya tara adadinsu a cikin iyakarku da "Zonal statistics". Ku san dai cewa adadin ƙidaya na gunduma suke ɗauka su rarraba bisa gine-gine, waɗanda aka yi kafin 2021 kuma a kan ƙidayar 2010 suka dogara, don haka sukan rage wa wuri mai cunkoso su ƙara wa mai sarari. Idan naku ya fi nasu yawa a zango, wannan kaɗai ba hujja ba ce cewa kun yi kuskure.

Bayanan kiran waya suna da amfani wajen ganin motsin jama'a, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga da kamfanin waya na Vodafone Ghana da ƙungiyar bincike ta Flowminder suka nuna a lokacin kullen korona na Accra da Kumasi a 2020, amma ba a ba ɗaiɗaikun masu bincike su kai tsaye, kuma layukan waya a Ghana sun fi mutanen yawa. Adadin masu Facebook da shafin talla ke nunawa shi ma asusu yake ƙirgawa, ya bar yara da yawancin tsofaffi. Kada ɗayansu ya shiga lissafinku.

12. Rahoto da ajiyar bayanai

Rahoton ya ƙunshi taswirar iyaka, da ma'anar mazauni da kuka bi, da ranakun aiki, da yawan gidajen da suka ƙi amsawa ko aka ji daga maƙwabci, da makin Whipple, da ƙiyasin tare da tazararsa. Ku dunƙule adadin zuwa ɗari ko dubu mafi kusa, domin rubuta 49,037 yana nuna tabbacin da hanyar ba ta da shi. Ku kira shi ƙiyasi a ko'ina, kalmar ƙidaya ta hukuma ce.

Kafin fayil ya bar kwamfutar mai kula da aikin, a cire sunaye da wuraren GPS da lambobin gini, kuma duk rukunin da mutanensa ba su kai goma ba a haɗe shi da na kusa da shi, domin a unguwar da kowa ya san kowa, tebur mai cewa akwai mace ɗaya 'yar shekara 80 daga wani gari daidai yake da ambaton sunanta. A goge fom ɗin daga wayoyin masu ƙidaya a ranar da aka gama. Kwafin farko na rahoton, da taƙaitawarsa a Hausa, a kai wa sarki da limamai da shugabannin mata da aka nemi izininsu, kafin a miƙa shi ga majalisar gunduma ko jami'a.